HORON DAMBEN ZAMANI DOMIN LAFIYAR JIKI: TA INA ZA A FARA?

Idan aka ambaci dambe, abin da yakan fara zuwa zuciyar yawancin iyaye shi ne kumburarren ido da haƙori a ƙasa. Su kuwa 'yan makaranta, musamman samari, abin da suke hangowa shi ne jarumin da suka gani a talabijin ko a wayar hannu, ya kai naushi ɗaya abokin karawarsa ya zube. Duka biyun suna kallon minti kaɗan ne na ranar gasa. Abin da ba a nunawa shi ne watannin da ɗan dambe yakan yi yana gudu da asuba, yana tsallen igiya, yana naushin iska shi kaɗai, ba tare da kowa ya taɓa lafiyarsa ba. Wannan ɓangaren shi ne muke so mu yi bayaninsa, gama ana iya ɗaukarsa a bar faɗan, kuma da wuya a sami horon da ya kai shi gina jiki da kuɗi kaɗan. Mai buga ƙwallon ƙafa zai amfana da shi, haka ma mai tsere da mai ƙwallon raga, har da wanda bai taɓa shiga gasar gidaje ba sai dai tafi daga bakin fili.

Wasan ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekarar 1957 Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya doke Cherif Hamia a birnin Paris ya zama zakaran duniya, ɗan Nijeriya na farko da ya kai wannan matsayi. Dick Tiger ya bi bayansa a 1962 sa'ad da ya ci Gene Fullmer a Amurka, ya kuma sake cinsa a filin wasa na Liberty a Ibadan a 1963. Lambar yabo ta farko da Nijeriya ta taɓa samu a wasannin Olamfik ta hannun ɗan dambe ta zo, watau Nojim Maiyegun, a Tokyo cikin 1964. Maƙwabtanmu na Nijar ma haka abin yake, Issaka Dabore ne ya fara kawo masu tagulla daga Munich a 1972. Abin lura a nan shi ne, ajin da Bassey ya yi sarauta a cikinsa na masu nauyin kilo 57 ne. Akwai ɗalibai da yawa a babbar sakandare da suka fi shi nauyi a lokacin. Saboda haka wanda yake tsammanin sai ƙato mai damtse kamar turmi ne zai iya wannan horo, bai fahimci abin ba tukuna.

NUMFASHI DA ƘAFA

An tsara damben zamani bisa agogo. Tun daga dokokin da aka buga a Ingila a 1867, turmi ɗaya minti 3 ne, sai hutun minti 1, sa'an nan a koma. 'Yan damben Olamfik turmi 3 suke yi, masu neman kambin duniya kuwa 12. Minti uku ba kome ba ne a baki. Amma bari ɗalibi ya ɗaga hannuwansa daidai fuska, ya yi ta motsi yana kai naushi ba tsayawa. Kafin minti ɗaya da rabi kafaɗunsa za su ɗauki zafi, hannuwan su fara sauka da kansu, numfashi ya koma na wanda kare ya biyo. Dukan horon an gina shi ne a kan wannan: a yi aiki mai tsanani na ɗan lokaci, a huta kaɗan, a sake komawa tun gajiya ba ta gama sakin mutum ba. Zuciya da huhu sukan koyi farfaɗowa da sauri. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ɗan ƙwallo yake bukata, domin ba ya gudu iri ɗaya na minti 90. Yakan zabura ne, ya tsaya, ya sake zabura.

Don haka ba da naushi ake farawa ba. Ana farawa da ɗumama jiki na kamar minti 10: sassarfa a zagaye fili, jujjuya kafaɗa da ƙugu da wuyan hannu, har gumi ya ɗan tsatso. Da sanyin hunturu a ƙara lokacin, gama jijiya mai sanyi ba ta son a fizge ta.

Daga nan sai igiya. Mun san samari da yawa suna raina tsallen igiya, wai wasan 'yan mata ne. To, 'yan matan sun riga su ke nan, domin babu wani zakaran dambe da bai sha igiya ba. Ba sai an sayi ta kanti ba, igiyar shanya mai ɗan nauyi ta isa. A taka tsakiyarta da ƙafa ɗaya a jawo bakunan sama. Idan sun kai hammata, tsawon ya yi daidai. Wuyan hannu ne yake juya igiya, ba dukan hannu ba, gwiwar hannu tana kusa da jiki. Tsallen kuma ɗan kaɗan ne, iyakar abin da igiya za ta wuce, ana sauka a kan gaban tafin ƙafa, diddige bai cika taɓa ƙasa ba. Sabon shiga yakan yi tsalle kamar zai haye katanga, ya sauko da dukan nauyinsa, bayan kwana uku ya zo yana kukan ƙwauri. A yi a kan ƙasa ko ciyawa da takalmin kambas, a guji siminti in da hali. Makon farko, rabin minti ana tsalle rabin minti ana hutu, sau shida, ya wadatar. Igiya za ta yi ta harɗe ƙafa, kada wannan ya dami kowa.

Bayan igiya sai tsayuwa, kuma a nan ne muke roƙon haƙuri, domin ita ce darasin da ya fi gundura, ita ce kuma wadda kome ya rataya a kanta. Mai amfani da hannun dama zai sa ƙafar hagu a gaba, bahago kuwa ya sa ta dama. Tazarar ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ko ta ɗan fi. A ja layi da toka a ƙasa, yatsun ƙafar gaba su taɓa layin daga gefe ɗaya, diddigen ƙafar baya ya taɓa shi daga ɗaya gefen. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, diddigen baya a ɗan ɗage, jiki ya ɗan karkata yadda kafaɗar gaba ce take fuskantar abokin karawa. A sunkuyar da haɓa wajen ƙirji, ido yana kallon gaba. Hannun baya yana jikin kunci, na gaba yana ɗan nesa da fuska, gwiwoyin hannu suna rufe haƙarƙari. Wanda ya tsaya daidai, in aka ɗan ture shi daga kowane gefe ba zai yi tangaɗi ba, kuma haka malami yake gwadawa.

Tafiyar ma da dokarta. Ƙafar da ta fi kusa da inda za a nufa ita take fara motsi, ɗayar ta biyo ta da tazara iri ɗaya. Za ka gaba, ƙafar gaba ce farko. Za ka baya, ta baya. Ƙafafu ba sa haɗuwa, ba sa gicciye juna. Mai tsaron baya a ƙwallon ƙafa da ya ƙware a wannan taku, ba kowane ɗan gaba ne zai yanke shi ya bar shi zaune ba.

NAUSHI

Yawancinmu mun tashi muna ganin damben gargajiya, ko a dandali bayan kaka ko a gidan dambe, da kiɗan kalangu da kirari. A can hannu ɗaya ake naɗe wa zare, shi ne makami, a ja shi can baya, ɗayan kuma a miƙa shi a buɗe domin kariya da auna tazara. Ana jiran dama ne a kawo naushi ɗaya mai nauyi wanda zai kai mutum ƙasa, abin da 'yan wasan suke kira kisa. Wasa ne mai fasaharsa da jarumansa, irin su Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Amma yaron da ya saba da ganinsa, in aka ce ya kai naushi, sai ya ja hannu baya ya zagayo da shi ta gefe, fuskarsa a buɗe. A damben zamani hannu biyu ne suke aiki, kuma na gaban ya fi yawan aiki. Sauya wannan sabo yakan ɗauki makonni.

Da farko a koyi dunƙule hannu. A naɗe yatsu huɗu, babban yatsa ya kwanta a kansu daga waje. Wanda ya sa babban yatsa a ciki, shi zai fara karyawa. Wuyan hannu ya miƙe sak da damtse, kada ya lanƙwashe sama ko ƙasa. Gaɓoɓi biyu ne suke sauka a kan abin da aka nausa, na manuniya da na yatsan tsakiya.

Masu horarwa sukan kira naushi da lamba. Na ɗaya shi ne miƙaƙƙen naushi da hannun gaba: ya fita daga fuska kai tsaye, ya juya a ƙarshe tafin hannu ya kalli ƙasa, ya dawo ta hanyar da ya bi. Dawowar tana da muhimmanci kamar fitar. Na biyu shi ne miƙaƙƙe da hannun baya, kuma a nan ne asirin yake. Ƙarfinsa daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta murza kamar mai kashe kunama, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa sara da gatari ko jifa da dutse ya san wannan a jikinsa, ko da bai taɓa tunaninsa ba. Shi ya sa siririn yaro da ya iya juya ƙugu yakan girgiza buhu fiye da ƙaton da yake tura hannu kawai. Akwai na uku mai lanƙwasa kamar lauje wanda yake zuwa ta gefe, da wani mai tasowa daga ƙasa zuwa sama, amma mu a ganinmu wata ɗaya na farko a bar su. Ɗaya da biyu sun ishi sabon shiga aiki.

Kowane naushi a fitar da iska tare da shi, gajere, ta tsakanin haƙora. Masu riƙe numfashi su ne suke fara gajiya. Kada kuma a miƙe gwiwar hannu har ta ƙulle sa'ad da ake naushin iska, gama babu abin da zai tare hannun sai gaɓar kanta.

Naushin iska, ko damben inuwa, shi ne a haɗa taku da naushi ana ƙaddara akwai abokin karawa a gaba. 'Yan damben birni suna yi a gaban madubi. Mu da ba mu da shi, inuwarmu a jikin bangon aji da hantsi ko da la'asar ta isa ta nuna mana ko hannu ya sauka ko haɓa ta ɗaga. Masu wucewa za su yi dariya, su ce wane ya fara taɓuwa. Ba a daɗe ba sukan zo su tsaya a baya suna kwaikwayo.

BUHU DA HANNU

Kowa buhu yake ɗoki, kuma a wurinsa ne aka fi jin ciwo. Kuskuren da aka saba yi shi ne a cika buhu da yashi zalla a rataye. Yashi yakan taru a ƙasa ya daskare, in damina ta jiƙa shi kuwa ba shi da bambanci da dutse. Hannun mutum ƙasusuwa 27 ne, ƙanana, ba a yi su domin dukan bango ba. Ƙashin da yake bayan ƙaramin yatsa shi ya fi saurin karyewa, har likitoci suna kiran wannan karaya da sunan 'yan dambe, ko da yake ƙwararru ba su cika samunta ba. Masu naushi a karkace ne take kamawa. Warkewarta takan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ɗalibin aji shida ya lissafa da kansa abin da mako shida ba rubutu yake nufi ana gab da jarrabawar fita.

A nemi buhu mai kauri ko tsohon tamfol a kai wa mai ɗinki. A cika shi da ragowar ƙyallen tela da garin katako, a danna sosai. In ana son nauyi, a ƙulla yashi kaɗan cikin leda a sa a tsakiya, ƙyalle ya kewaye shi. A rataye a reshe mai ƙwari, tsakiyar buhun daidai ƙirji. Kafin a taɓa shi a naɗe hannu da bandeji. Wanda ake sayarwa domin dambe yakan kai mita huɗu da rabi. A zagaya wuyan hannu, a zagaya gaɓoɓin yatsu, a bi tsakanin yatsu, a koma wuyan hannu a ɗaure, ba da tsananin da zai sa yatsu su yi sanyi ba. Sa'an nan safar dambe a kai. Safa biyu ko uku za su ishi ƙungiya guda in ana karɓa-karɓa, sai dai a riƙa shanya su a iska, domin warin safar da gumin mutum goma ya kwana a ciki ba ya faɗuwa. Inda babu bandeji da safa, a haƙura da buhu, a ci gaba da naushin iska. Kuma a fara da rabin ƙarfi. Buhun da aka nausa daidai yakan yi ƙara ya ɗan girgiza. Wanda yake lilo nesa turawa aka yi.

Sauran aikin ƙarfi ba ya bukatar ƙarfe ko ɗaya: dafa ƙasa da hannu a sauke ƙirji a ɗaga, tsugunnawa a miƙe, kwanciya rigingine a ɗago kafaɗu domin tsokar ciki. Mun san waɗansu daga cikin waɗannan sun yi kama da horon da ake ba masu makara, amma wannan karon da yardarka kake yi. Goma-goma sau biyu ya isa a farko.

Idan aka haɗa duka, zama ɗaya bai wuce minti 40 ba: goma na ɗumama jiki, turmi biyu na igiya, biyu na taku da naushin iska, biyu na buhu daga mako na uku, aikin ƙarfi, sai miƙe jijiyoyi a hankali. Sabon shiga ya fara da turmin minti 1, ya koma 2, kada ya nemi 3 sai wajen mako na shida. Kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka take ginuwa. Wannan ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, cewa masu shekara 5 zuwa 17 su sami kimanin minti 60 na motsa jiki kowace rana, kuma aƙalla kwana uku a mako su yi mai tsanani da mai ƙarfafa tsoka da ƙashi. 'Yan mata suna cikin wannan lissafi. Tun 2012 mata suke dambe a Olamfik, kuma babu abu ɗaya cikin abin da muka zana da ya fi ƙarfinsu.

INDA MUKA JA LAYI

Ba mu yarda ɗalibi ya naushi ɗalibi a ka ba, ko da safa, ko da wasa, ko a fili ko a ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Ga dalili. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Naushi a haɓa yakan juya kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwar ta girgiza a ciki. Ba lalle sai mutum ya suma ba. Ciwon kai, jiri, amai, mantuwa, ganin abu biyu-biyu ko yawan barci bayan bugu a ka, duk alamu ne, kuma mai su asibiti ya kamata a kai shi a ranar. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari nesa, musamman ga matasa. Hular kariya tana hana tsagewar fata, amma ba ta hana wannan girgiza; tun 2013 aka cire ta daga manyan gasannin maza na duniya. A 1982 ɗan damben Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, ya rasu kwanaki kaɗan bayan karawarsa da Ray Mancini a Amurka, abin da ya sa aka rage turmin gasar duniya daga 15 zuwa 12. Ƙwararre ne shi, da alƙali da likita a wurin. A 2011 kuma ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fito fili suka ce ba su goyi bayan yara da matasa su shiga dambe ba, saboda raunin ƙwaƙwalwa. Wanda yake ganin yana da baiwa, yana kuma son gasa, wannan magana ce tsakaninsa da iyayensa da likita da ƙwararren mai horarwa na hukumar wasanni ta jiha. Haka kuma duk babban ɗalibin da ya gwada abin da ya koya a jikin ƙanensa na aji ɗaya, ya sallami kansa daga horon.

Akwai waɗanda za su ga likita tun kafin su taɓa igiya: mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, da wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana cikin gudu. Ga mai sikila, gajiya mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki suna iya tayar da ciwon. Ga mai asma kuwa ƙurar hunturu da sanyin asuba. Ɓoye irin wannan ga malamin wasanni don kada abokai su yi dariya ba jarumtaka ba ce. Da bazara a yi horo da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa kafin a fara, a kurɓa a lokacin hutu. Waɗansu sukan sa leda a cikin riga wai don su rage ƙiba. Ruwa ne kawai suke zubarwa, zai dawo da zarar sun sha, zafin da ya taru a jiki kuwa yana iya kayar da mutum. Shan ɗanyen ƙwai ma daga fim aka koyo shi. Dafaffe ya fi amfani ga jiki, ba ya kuma kawo ciwon ciki. Wake da ƙosai da gyaɗa da tuwon ɗakin cin abinci sun isa su riƙe mai wannan horo, in dai ya ci ya ƙoshi ya kuma yi barci.

Mai son ya san ko yana ci gaba, ba sai ya tsaya gaban madubi yana matsa damtse ba. A ranar farko, da gama turmin igiya, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Ya huta minti ɗaya, ya sake ƙirgawa, ya rubuta lambobin biyu a bayan littafinsa tare da kwanan wata. Ya maimaita haka kowace Asabar. Yayin da makonni suke tafiya, lamba ta biyu za ta riƙa sauka da sauri fiye da dā, kuma tazarar da take tsakanin lambobin nan biyu ita ce za mu nemi gani a farkon zango mai zuwa.